Kimiyya a Ƙofar Gida: Daga keken tela zuwa ƙafar jirgin ƙasa

A makon jiya mun ga yadda doguwar sanda ke ba yaro damar ture dutsen da ƙato ba zai iya motsawa da hannu ba. Yau za mu ɗora daga inda muka tsaya, amma bari mu fara biyawa ta shagon tela.

Duk wanda aka taɓa aika karɓo ɗinki, musamman ana jibi Sallah lokacin da dole sai an yi zaman jira, ya ga abin da za mu faɗa ko da bai lura ba. Tela zai zauna gaban kekensa na takawa, ya daidaita yadi a ƙarƙashin allura, ya ɗora ƙafafunsa a kan mataki. Sai dai kafin ya fara takawa, zai kai tafin hannunsa na dama ya ɗan juya ƙaramin faifan da ke gefen kan keken. Daga nan ne ƙafa ke karɓar aiki, keke ya kama kuka. To me ya sa sai ya sa hannu, alhali ƙafa ce ke tuƙa keken? Ku riƙe wannan tambaya. Matsalar da tela ke warwarewa da tafin hannu ita ce ta taɓa damun masu ƙera jirgin ƙasa a Birtaniya shekara 200 da suka wuce, kuma kafin mu rufe filin yau za mu ga amsarta.

Mai ɗauka da mai miƙawa

Idan muka dubi abubuwa masu juyawa da ke kewaye da mu, za mu ga iri biyu ne. Akwai waɗanda ɗaukar nauyi ne kawai aikinsu, ba sa motsi sai an tura su ko an ja su. Tayar baro ke nan, da tayar kurar 'yan ga-ruwa, da tayar gaba ta keke. Akwai kuma waɗanda ake zuba wa ƙarfi a jiki, su karɓa su miƙa wa na gaba. Tayar baya ta keke na cikinsu, domin ita ce ke dafa ƙasa ta tura keken gaba. Waɗannan na biyun su ne darasinmu na yau.

Hanyoyi huɗu ne aka fi bi wajen miƙa ƙarfi daga wannan faifai zuwa wancan. Ta farko ita ce haƙori da haƙori, wato faifai biyu masu haƙora su ciji juna, shi ne abin da makanikai ke kira giya. Giyar inji muke nufi, kada wani ya kai ƙararmu wurin Malam. Ta biyu ita ce bel da ake ɗorawa a kan fuli biyu, kamar a injin markaɗe. Ta uku sarƙa, kamar ta keke da babur. Ta huɗu kuwa sandar ƙarfe ce da ake maƙalawa a wani ɗan turke da ke jikin faifai, kamar wadda ta haɗa matakin keken ɗinki da babban faifan da ke ƙasa.

Ga abu ɗaya da ke yawan fitowa a jarrabawa. Faifai biyu masu haƙora da suka ciji juna, idan wannan ya juya dama, wancan hagu zai juya. Amma waɗanda bel ko sarƙa ta haɗa, waje ɗaya suke juyawa, sai fa idan an murɗe bel ɗin ya gitta kansa a tsakiya.

Ɗan canji ne, ba ya buga kuɗi

Da yawa daga cikinmu na zaton giya ce ke ƙara wa inji ƙarfi daga babu. Ba haka ba ne. Kowane inji, har da cinyar mai tuƙa keke, yana da iyakar aikin da zai iya yi a cikin sakan ɗaya. Abin da faifai ke yi shi ne sauya wa wannan aiki kama, kamar yadda ɗan canji ke yi. Wanda ya kai masa takardar naira 1,000 zai iya karɓar 'yan ɗari biyar guda biyu ko 'yan ɗari guda goma. Takardu manya kaɗan, ko ƙanana da yawa, amma kuɗin dai dubu ɗaya ne. Haka faifai yake: zai ba mu juyi kaɗan mai ƙarfi, ko juyi da yawa marar ƙarfi. Wanda ya ce sai ya samu gudu da ƙarfi duka a lokaci guda ba tare da ya canza inji ba, sai mu tuna masa cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Mun sha ganin mai faci yana fama da notin tayar babbar mota. Idan ya ƙi kwancewa, sai ya zura dogon bututun ƙarfe a hannun sifana, ya kama can ƙarshe, noti ya saki. Ƙarfin murɗawa ya ƙaru saboda hannunsa ya yi nisa da noti. Amma ku duba irin dogon zagayen da hannun ke yi kafin noti ya ɗan motsa. Abin da ya samu a ƙarfi ya biya shi da nisa. Babban faifai tamkar dogon sifana ne da ke zagayawa ba tsayawa, ƙarami kuma gajeren sifana.

Kuma ɗan canji ba ya aiki kyauta, yana cire la'adarsa. La'adar faifai ita ce gugar ƙarfe da ƙarfe, wadda ke mayar da wani ɓangare na aikin zuwa zafi da ƙara. Shi ya sa babu injin da ke fitar da duk abin da aka zuba masa, kuma shi ya sa ake sa giris da baƙin mai da boris, don a rage wannan la'ada. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Mu ƙirga haƙora

Bari mu gwada da keke. A ce faifan da ke jikin feda yana da haƙora 44, na tayar baya kuma 22. Idan ƙafa ta zagaya da feda sau ɗaya, haƙora 44 sun ja sarƙa, don haka dole na baya ya juya sau biyu, tunda 44 a raba da 22 biyu ne. A ce faɗin tayar, daga gefe zuwa gefe ta tsakiya, santimita 70 ne. Kewayenta zai zama 22/7 sau 70, wato santimita 220, ko mita 2.2. Ke nan kowane zagayen feda na kai mu mita 4.4.

Yanzu mu cire na bayan mu sa mai haƙora 11. Taya za ta juya sau huɗu, zagayen feda ɗaya ya kai mu mita 8.8. Gudu ya ninka, sai dai feda ta yi nauyi ninki biyu, kuma da an fara hawan tudu cinya za ta ba da labari. Masu keke mai giya da yawa sun san wannan ko ba su taɓa buɗe littafin fiziks ba: a kan tudu ko cikin yashi, sai su mayar da sarƙa kan babban faifan baya. Feda na juyawa da sauri, keke na tafiya a hankali, amma yana hawa. Sannu ba ta hana zuwa. Dalilin da ya sa direban tirela mai lodi ke tashi da giya ta ɗaya ke nan.

Lissafin bel ma haka yake, sai dai faɗin fuli ake aunawa a madadin ƙirga haƙora. A ce injin markaɗe na juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, fulinsa na da faɗin santimita 10, na wurin markaɗen kuma 30. Na wurin markaɗen zai juya sau 1,000 ne kacal a minti, amma da ƙarfin murɗawa kusan ninki uku, wanda shi ake buƙata don murƙushe jiƙaƙƙen wake ko gero. A keken tela kuwa an juya lissafin. Babban faifai ne ke jan ƙarami, domin allura ba ta buƙatar wani ƙarfi, sauri take so.

Ba yau aka fara ba

Wannan hikima ta girmi injin mai nesa ba kusa ba. Fiye da shekara 2,000 manoman bakin kogin Nilu a Masar ke amfani da wata na'ura da ake kira saƙiya, wadda ta bazu har Sudan. Sa ne ke zagayawa yana juya faifan katako mai haƙora da ke kwance, shi kuma ya juya wani da ke tsaye, tukwane su riƙa ɗebo ruwa suna zubawa a gona. A shekarar 1206 kuma, wani injiniya mai suna Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar Diyarbakir da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa mai bayanin na'urori 50. A ciki akwai famfon da ruwan kogi ke juyawa: faifai mai haƙora na juya wani, turken da ke jikin wannan na biyun kuma na kai fistin biyu gaba da baya. Ya mayar da juyi ya zama kai-komo. Masu ƙera jirgin ƙasa akasin haka suka nema, wato su mayar da kai-komo ya zama juyi.

Yadda tururi ke juya ƙafa

Kan jirgin ƙasa na da, mai hayaƙi, ƙatuwar tukunyar ruwa ce a kwance bisa ƙafafun ƙarfe. Ana hura wutar kwal, ruwa ya tafasa, tururi ya matsu. Sai a sake shi cikin silinda ya tura fistin gaba, a sake shi ta ɗaya gefen ya dawo da fistin baya. Wata doguwar sandar ƙarfe ce ke haɗa fistin da wani turke mai kauri da aka kafa a jikin ƙafar jirgin, ba a tsakiya ba, ɗan gefe. Idan sanda ta tura turke ta kuma jawo shi, ƙafa ta yi zagaye ɗaya. Daidai da matakin tela da babban faifansa.

A watan Fabrairu na 1804, Richard Trevithick ya ɗora irin wannan inji a kan dogo a Penydarren da ke yankin Wales, ya ja tan 10 na ƙarfe da mutum 70 tsawon kusan kilomita 16. Sai dai nauyin injin ya riƙa farfasa dogon, domin na wancan zamani ba shi da ƙwari. Wannan ya jefa maƙera cikin tsaka mai wuya. Idan inji ya yi nauyi, dogo ya karye. Idan bai yi nauyi ba, ana tsoron ƙafar ƙarfe mai santsi za ta riƙa sulɓewa a kan dogo mai santsi, ta yi ta juyawa a wuri ɗaya.

John Blenkinsop ya nemi mafita ta hanyar haƙori. A 1812, a layin wata mahaƙar kwal da ke Middleton kusa da birnin Leeds, an shimfiɗa dogo mai haƙora a gefe, injin kuma na da faifai mai haƙora da ke cizonsa yana jan kansa gaba. Ya yi aiki, amma da tsada. Shekara ɗaya bayan haka, William Hedley a Wylam ya nuna cewa idan aka ɗora isasshen nauyi a kan ƙafafun da ke ja, santsin ba zai hana su kama dogo ba. Injinsa mai suna Puffing Billy na nan har yau a gidan adana kayan kimiyya na Landan. A 1829 kuma aka yi gasar Rainhill, inda injin Rocket na George Stephenson da ɗansa Robert ya yi gudun kusan kilomita 48 a awa ɗaya, ya cinye kyautar fam 500. A jikin Rocket sandar fistin na zuwa ƙafa kai tsaye, babu giya a tsakani, kuma a kan wannan tsari aka ci gaba fiye da shekara ɗari.

Dabarar Blenkinsop ba ta mutu ba, ta dai koma kan duwatsu. A ƙasar Suwizalan akwai layin dutsen Pilatus da aka buɗe a 1889, wanda a wasu wurare yake hawa mita 48 a kowace mita 100. A irin wannan tsauni ƙafa mai santsi ba ta da ta cewa, dole sai haƙori.

Babbar ƙafa da ƙaramar ƙafa

Tunda babu giya, ta yaya maƙerin jirgi zai zaɓi gudu ko ƙarfi? Da girman ƙafar. Fistin ya je ya dawo sau ɗaya, ƙafa ta juya sau ɗaya, jirgi ya ci nisan kewayen ƙafar. Babbar ƙafa na cin nisa mai yawa a juyi ɗaya, amma ƙarfin da ke isa kan dogo ya ragu. Ƙaramar ƙafa na cin nisa kaɗan, amma da ƙarfi. Ɗan canji ne dai ya sake ɓullowa. Bambancin kawai shi ne, direban mota na canza giya yadda ya ga dama, shi kuwa kan jirgin tururi da giyarsa ake haihuwarsa, da ita yake tsufa.

Saboda haka, da ganin ƙafafun kan jirgi an san aikinsa. Mallard na Ingila, wanda a ranar 3 ga Yuli, 1938 ya yi gudun kilomita 203 a awa ɗaya, gudun da har yau babu jirgin tururin da ya karya, faɗin ƙafafunsa masu ja mita 2.03 ne, sun fi dogon mutum tsawo. Mu lissafa: kewayen ƙafar ya kai kimanin mita 6.4, kuma a wannan gudu jirgin na cin mita 56 a sakan ɗaya. Ke nan ƙafar na juyawa kusan sau 9 a kowane sakan, da sanduna masu nauyi suna kai-komo a jikinta. Da faɗinta mita 1.2 ne, da sai ta juya sau 15 a sakan kafin a samu wannan gudu, abin da zai iya wargaza injin.

Masu jan kaya kuwa ƙananan ƙafafu ake yi musu, amma da yawa, a haɗa su da wata sanda a gefe don duk su juya tare. Dalili shi ne, ƙarfin da jirgi zai iya ja da shi kafin ƙafa ta sulɓe bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ke kan ƙafafun ja ba. Idan tan 80 ne a kansu, jan da zai iya yi bai fi na nauyin tan 20 ba. Kuma ba zai yiwu a jibga tan 80 a kan ƙafa biyu ba, dogo zai lotse. Sai a raba nauyin a kan takwas ko goma, kowace ta kama nata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani zai ce, to yaya jan tan 20 ke tafiyar da taragai masu tan dubu? Amsa ita ce, ƙafar ƙarfe na gangarawa a kan dogo cikin sauƙi ƙwarai, jan 'yan kilo kaɗan ya isa ya tafiyar da kowane tan ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Idan kuma ruwan sama ko mai ya jiƙa dogo, akwai akwatin yashi a jikin kan jirgi, da bututun da ke zuba shi daidai gaban ƙafafun ja don su kama.

A shekarar 1900 wani injiniya a Amurka, Frederick Whyte, ya fito da hanyar rubuta tsarin ƙafafun da lamba. Lambar farko ita ce yawan ƙananan ƙafafun gaba da ke shigar da jirgi kwana, ta tsakiya masu ja, ta ƙarshe masu ɗaukar murhu a baya. Mallard 4-6-2 ne. Wani shahararren mai jan kaya na Birtaniya da ake kira 9F shi 2-10-0 ne, ƙafafun ja goma masu faɗin mita 1.5. Big Boy na Amurka da aka fara ƙerawa a 1941 kuwa 4-8-8-4 ne, wato ƙafafun ja 16 a rukuni biyu, don hawan duwatsu da kaya.

A nan gida, dogo ya iso Kano a 1911, kuma babban aikinsa shi ne kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, da kwal ɗin Inugu a murhu. Kaya ne mai nauyi a doguwar hanya, don haka ƙarfi aka fi buƙata a kan gudu. Shi ya sa daga cikin kawunan jiragen da suka yi suna a Najeriya akwai wani rukuni mai tsarin 2-8-2 da aka fara kawowa a ƙarshen shekarun 1940, wanda aka raɗa wa kowane ɗayansu sunan wani kogi. Ku tambayi kakanninku da suka zauna kusa da tasha a Kano ko Zariya ko Kafancan, za su ba ku labarin yadda sandunan nan ke kai-komo idan jirgi zai tashi.

Amsar tambayar tela

Yanzu mu koma shago. Ku tuna da feda: idan ɗaya tana sama cak, ɗayar tana ƙasa cak, ko an taka da dukkan ƙarfi keke ba ya motsi, domin ƙafa na danna ƙarfe ne kai tsaye zuwa tsakiya, babu gefen da zai karkata. Haka yake a keken ɗinki. A kowane zagaye akwai wuri biyu da sanda da turke da tsakiyar faifai ke yin layi ɗaya. Idan keke ya tsaya a nan, takawa ba ta tayar da shi. Idan ma ya tsaya kusa da wurin, yana iya tashi ta baya, zare ya cukurkuɗe ko ya tsinke. Tafin hannun tela ne ke fitar da shi daga wannan makafin wuri, ya kuma nuna masa gefen da zai bi. Da zarar ya tashi, nauyin faifan da ke juyawa ne ke wucewa da shi ta wurin a kowane zagaye.

Injin Trevithick silinda ɗaya gare shi, saboda haka sai da aka maƙala masa wani ƙaton faifai mai nauyi don ya riƙa wucewa da shi ta makafin wurin. Amma idan jirgi ya tsaya a tasha da taragai cike da kaya, wane tafin hannu ne zai juya shi? Sai maƙera suka sa silinda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, suka kuma kafa turken dama da na hagu da tazarar rubu'in zagaye, wato digiri 90. Duk lokacin da na dama ya shiga makafin wuri, na hagu na daidai inda ya fi ƙarfin turawa. Ko'ina jirgi ya tsaya zai iya tashi. Kowane gefe ya zama tafin hannun ɗan'uwansa.

Jiragen yau

Kawunan jiragen da ke jan taragai a yanzu, irin na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ba su da sanduna a gefe. Injin dizal ne ke juya janareta, wutar ta tafi wasu injinan lantarki da ke ƙarƙashi, kusa da ƙafafu. Kowane ɗayansu na da ƙaramin faifai mai haƙora da ke cizon wani babba a jikin sandar da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu. A wasu kawunan jirage da kamfanin EMD na Amurka ya ƙera, ƙaramin na da haƙora 15, babban kuma 62. Injin lantarkin na juyawa sau huɗu da 'yan kai kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Lissafin kekenmu ne dai, babu abin da ya canza.

Inda abin ya shafi rayuwarmu

Ba don cin jarrabawa kawai muka kawo wannan darasi ba. Ku lura da abin da lissafin ya nuna mana: faifan da ya fi tafiya a hankali shi ne ya fi ƙarfi. Shi ne kuma wanda ido ke rainawa. Bel ɗin injin niƙa bai san bambancin fuli da gefen hijabi ba, bai san hannun riga ko igiyar jaka ba. Abin da ya kama sai ya kai shi inda yake kai ƙarfinsa, kuma babu hannun mutum da zai iya ja da shi. Idan an aike mu niƙa ko markaɗe, mu tsaya ta gefen da babu bel, mu tattare mayafi da babbar riga, mu riƙe hannun ƙannenmu. Kada mu taɓa ƙoƙarin mayar da bel ko cire wani abu da ya maƙale alhali inji na aiki, ko da mun ga mai injin na yi. Masu injin kuma, rufe bel da ragar ƙarfe bai kai kuɗin jinya ba. Haka nan a kan babur: 'yan mata su naɗe hijabi da zani su ɗora a cinya kafin a tashi, domin sarƙa da tayar baya ba sa jira.

Batun dogo ma haka. Sauƙin gangarawar da ke ba jirgi damar jan tan dubu shi ne ke hana shi tsayawa da wuri. Inda ƙafarsa ke taɓa dogo bai fi faɗin kwabo ba, kuma ƙarfe ne a kan ƙarfe. Jirgin kaya mai gudu na iya cin fiye da kilomita ɗaya bayan an taka birki, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Direba na iya hango mutum sarai, amma babu abin da zai iya yi sai busa. Don haka babu tafiya a kan dogo, babu zama a kansa ana hira, babu tsallakawa da abin jin waƙa a kunne, babu kuma rige-rige da jirgi a mahaɗar titi.

Abu na ƙarshe: makanikin unguwarku da mai gyaran keke da tela suna aiki da wannan ilimi kullum da hannunsu, ku kuma kuna da lissafinsa a littafi. Wanda ya haɗa biyun shi ne injiniya. Ku je ku gaishe su da ladabi, ku yi tambaya, za ku sha mamakin abin da za ku koya.

Aikin gida

1. Faifai mai haƙora 12 na juya wani mai haƙora 48. Idan ƙaramin na juyawa sau 200 a minti ɗaya, sau nawa babban ke juyawa? Wanne ya fi ƙarfin murɗawa?

2. An jera faifai uku masu haƙora, na farko ya ciji na biyu, na biyu ya ciji na uku. Idan na farko ya juya dama, ina na uku zai juya?

3. Ƙafar wani kan jirgi na da faɗin mita 1.4, tana juyawa sau 5 a sakan ɗaya. Kilomita nawa jirgin ke ci a awa ɗaya?

4. Ku nemi izinin tela, ba ranar da aiki ya yi masa yawa ba, ku juya babban faifan kekensa da hannu a hankali sau ɗaya, ku ƙirga sau nawa allura ta sauka. Ku kula da yatsunku.

Ku aiko mana da amsoshinku tare da sunan makaranta da aji. Za mu kawo gyara a mako mai zuwa, inda kuma za mu duba yadda birki ke aiki, daga na keke har na jirgi. Sai mun haɗu, idan Allah Ya kai mu. Mu kwana nan.